Kashe Fitila Ba Gyaran Mota Ba Ne

Daga direban da ke jigilar 'yan kasuwar Kara ranar Juma'a har zuwa ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Wudil da Kano kullum, da wuya ka shiga mota biyar ba ka ga wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji tana ci a dashbod ba. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Ai haka motocin Kwatano suke." Wannan magana ƙarya ce da muka yi wa kanmu har ta zauna, kuma tana cin kuɗinmu.

Tun daga 1996 doka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota da ake sayarwa a Amurka ɗaukar tsarin binciken kai mai suna OBD-II. Camry da Corolla da Accord da suka fito daga can duk suna da shi. Cikin abubuwan da yake sa wa ido har da hanyar tiririn fetur. Fetur yana tiriri ko mota tana tsaye, don haka aka rufe tanki ruf, aka jawo bututu zuwa wani akwati mai cike da gawayi da ke tsotse tiririn. Idan inji ya tashi, wani bawul ya buɗe, a ja tiririn a ƙone shi. Lokaci zuwa lokaci ƙwaƙwalwar motar tana gwada ko akwai inda iska ke fita, kuma tana iya gano huda mai faɗin rabin milimita. Idan ta gano, sai ta kunna fitila ta ajiye lamba: P0455 na nufin babbar ɓaraka, P0442 ƙarama, P0456 kuwa mitsitsiya.

Yanayinmu da halayenmu sun haɗu sun yi wa wannan tsari taron dangi. Zafin watan Afrilu, da ke kai digiri 40, yana busar da robar murfin tanki da tiyo har su tsage. Ƙurar hunturu tana toshe bawul ɗin shan iska. Mu kuma a gidan mai sai mu ce a ƙara bayan famfo ya tsaya da kansa, har a riƙa jijjiga mota don ta sha maƙil. Fetur ɗin da ya yi ambaliya cikin akwatin gawayi yake sauka, ya lalata shi. Wani ma murfinsa ya ɓata, ya toshe bakin tanki da leda da tsumma.

To, me ake yi idan fitila ta kama? Mai na'urar bincike ya jona ta, ya goge lambar, ya karɓi kuɗinsa. Bayan 'yan kwanaki fitilar ta dawo, domin motar ba ta maimaita gwajin sai tanki yana tsaka-tsaki, bai cika ba bai ƙare ba. Daga nan sai a koma wurin mai riwaya ya cire ƙwan, ko ya liƙe shi da baƙin salatif. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Laifin kuma bai tsaya kan kanikawa ba. Mu masu boko, da ba za mu yarda likita ya yaga sakamakon gwajin jini ya ce mun warke ba, mu ne ke biyan kuɗin wannan aiki hannu na rawa.

Wani zai ce ai ɓarakar tiriri ba ta tsayar da mota. Gaskiya ne, kuma man da ke salwanta ta nan bai taka kara ya karya ba, ko da yake tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 babu ɗigon da za a raina. Asarar ta gaske tana wani wuri. Fitilar guda ɗaya ce tak, amma ita ke sanar da ɗaruruwan matsaloli. Ranar da fulogi ko kwayil ya gaza, ɗanyen fetur ya fara kwarara cikin salansa yana ƙona matatar hayaƙin da kanikawa ke kira indomi, wannan fitilar ce za ta yi ta ƙiftawa. Wanda ya makantar da ita saboda murfin tanki ba zai sani ba sai aikin ya zama na dubban ɗaruruwan naira.

Gyaran gaskiya da tsarinsa. A karanta lambar, a rubuta ta kafin a goge. A duba robar murfi, a ɗaure shi har ya yi ƙas-ƙas. In fitila ta dawo, a gwada bawul ɗin biyu, sannan a hura hayaƙi cikin bututun da na'urar da aka yi domin haka, a ga inda yake fita. Kada a canza kaya bisa hasashe.

Mai shirin sayen mota kuwa, ya murɗa mukulli ba tare da ya tayar da inji ba. Lafiyayyar fitila dole ta kama a wannan lokacin. Idan ba ta kama ba, akwai abin da mai sayarwa ba ya son ka gani, sai ka tambaye shi mene ne kafin ka zura hannu a aljihu.