Rububin Jafanawa A Kan Akwatin Wasa, Da Abin Da Ya Shafi Yaran Dutse

Zuwa ga Edita, ina roƙo ka ba ni filina na kowane mako in yi wa malamai da 'yan'uwana akawuna magana a kan akwatin nan na wasa da a ke jonawa da talabijin, wanda yaranmu ke kira gem. Na san wani dattijo zai ce me ya haɗa jarida da wasan yara. To, ranka ya daɗe, ka yi haƙuri ka karanta har ƙasa, don maganar ta taɓa makaranta, ta kuma taɓa aljihu.

Mafarin zancen daga ƙasar Jafan ne. Ran 5 ga Yuni 2025 kamfanin Nintendo na birnin Kiyoto ya fitar da sabon akwati mai suna Switch 2. Tun kafin ranar ta zo kamfanin ya ce duk mai so daga kantinsa na intanet ya ba da suna, za a yi ƙuri'a. Cikin watan Afrilu sai shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya fito ya ba jama'a haƙuri, ya ce mutum wajen miliyan 2.2 su ka ba da suna a Jafan kaɗai, kayan da ke hannu kuwa ba su kai ko kusa ba. Mai karatu ya auna wannan adadi: rabin mutanen Jihar Jigawa ke nan bisa ƙidayar 2006. Da aka buɗe ciniki, cikin kwana huɗu an sayar da fiye da miliyan 3.5 a duniya duka.

Wannan hali ba yau Jafanawa su ka fara shi ba. Shi Nintendo an kafa shi tun 1889, sana'arsa ta fari kuwa buga karta ce. A 1983 ya fitar da akwatin da a ke kira Famicom, ya shiga gidaje kamar wutar daji. Da kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 2 ran 4 ga Maris 2000, mutane sun kwana a layi bakin kantunan unguwar Akihabara cikin Tokiyo, aka sayar da kusan miliyan ɗaya cikin 'yan kwanakin farko. A Nuwamba 2020, lokacin annobar korona, Sony ya hana sayar da PlayStation 5 a bakin kanti ranar fitowarsa don kada a yi cunkoso, sai ta intanet. Nan fa 'yan baranda su ka sami shiga, su saye su ɓoye, su sayar da tsada mai yawa. Ashe ɓoye kaya ba a kan hatsi kaɗai a ke yinsa ba, ba kuma a kasuwanninmu kaɗai ba.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne dabarar da Nintendo ya yi wa 'yan barandan nan a 2025. Ya ce ba mai shiga ƙuri'ar kantinsa sai wanda ya yi wasa da tsohon akwatin na sa'a 50 ko fiye kafin ƙarshen Fabrairu, ya kuma biya kuɗin rajista na aƙalla shekara guda. Watau an tace mai so don kansa daga mai so don riba. Sa'an nan ya yi akwatin iri biyu: mai harshen Jafananci kaɗai a kan yen 49,980, da mai harsuna da yawa a kan yen 69,980. Kuɗinsu ya yi rauni a lokacin, baƙi na iya zuwa su kwashe kayan da araha su kai waje, shi ya sa aka rangwanta wa ɗan gida ta hanyar da baƙo ba zai amfana ba. Duk akawun da ya taɓa zama a kan teburin rabon taki ya san wuyar wannan aiki.

Yanzu mu dawo gida, mu yi lissafi irin namu na ofis. A watan da akwatin ya fito, mafi ƙarancin ladan aiki a Tokiyo yen 1,163 ne a sa'a guda. Kadan ka raba 49,980 da wannan, za ka sami sa'a 43, watau aikin kwana biyar da rabi ga ƙaramin lebura. A Amurka an sa masa dala 449.99. Dala kuwa a tsakiyar 2025 ta haura naira 1,500, ke nan kuɗin ya zarce naira 670,000 tun ba a sa ladan dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne a wata. Abin da leburan Tokiyo zai samu cikin mako guda, masinjan sakatariyar Dutse sai ya tara albashin wata tara da ɗoriya, bai ci ba bai sha ba. Saboda haka uban da ɗansa ya nuna masa hoton layin Jafanawa a waya ya ce shi ma a saya masa, ba ya bukatar faɗa. Ya ba yaron alƙalami da takarda ya yi wannan rabawa da kansa. Ya kuma tuna masa cewa kuɗin da Bajafane ya kashe ya koma wa kamfanin ƙasarsa ne, namu kuwa in ya tafi ya tafi.

Don haka ne sabon akwati ba shi ne ya dame mu a Dutse ba. Abin da ke zuwa mana na hannu ne, wanda ya gama aiki a wata ƙasa, ya sauka Legas, ya biyo ta Kano, kāna ya iso nan. PlayStation 2 da aka daina fitarwa a Jafan tun ƙarshen 2012 bai rasa masu so a ƙasar nan ba, balle na 3 da na 4. Kuma mu ba mu cika saye a ajiye a gida ba. Saurayi guda ne zai kama shago, ya sa talabijin biyu ko uku da benci da janareta ko sola, yara su riƙa biya wasa wasa, galibi na ƙwallon ƙafa. Tun da garin ya zama hedkwatar jiha a 1991, balle da aka buɗe Jami'ar Tarayya a 2011, samari sun yawaita, irin waɗannan shaguna kuma sun sami kasuwa.

Ni ba na cikin masu cewa a rufe su. Saurayin da ya buɗe shago sana'a ya kama, ya fi wanda ke zaune a bakin titi yana jiran a ba shi. Yaro kuwa dole ya yi wasa. Mu da mu ka yi langa da dara ba mu da bakin hana na baya nasu, in dai ba a sa caca a ciki ba. Abin da na ƙi shi ne a ga yaro da rigar makaranta da jakar littattafai a kan bencin gem da hantsi, kuɗin karin kumallonsa ya tafi, malaminsa na can yana kiran suna ba mai amsawa.

Jafanawa ma sun sha wannan. Ran Laraba 10 ga Fabrairu 1988 kamfanin Enix ya fitar da wani wasa na Famicom mai suna Dragon Quest III. 'Yan makaranta su ka gudu daga aji su ka shiga layi, 'yan sanda su ka tsare ɗaruruwansu saboda fashin makaranta, har aka yi wa waɗansu ƙwace a hanyar komawa gida. Mutane da yawa na cewa wai doka aka kafa bayan wannan. Ba a kafa wata doka ba. Masu kayan ne da kansu su ka ga abin kunya ne, su ka mai da fitar da wasannin da su ka biyo baya zuwa ranakun hutu. Ciniki kuwa bai ragu ba.

To, abin da na ke roƙo ke nan a nan gida. Masu shagunan gem na Dutse, daga Takur har Garu, su haɗu su yi shawara tsakaninsu, kamar yadda teloli da masu cajin waya ke da ƙungiya. Su yarda cewa daga Litinin zuwa Jumma'a ba mai karɓar kuɗin ɗan makaranta sai an tashi, a kuma bar lokacin Islamiyya da na allo ga masu shi. Ga Alhamis da yamma, ga Jumma'a bayan an sauko, ga hutun zango, sun isa. Wanda ya karya, 'yan'uwansa su fara yi masa magana kafin ta kai ga mai unguwa. In sun yi haka da kansu, ba wanda zai zo musu da kwado da takardar hukuma, don na tabbata in iyaye su ka gaji da kuka abin da zai biyo baya ke nan, mai laifi da marar laifi duka su yi hasara.

Ina so malaman firamare na Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu su rubuto wa Edita abin da su ke gani a rajistar ajinsu, wace rana ce yara su ka fi fashi, da ƙarfe nawa. Masu shaguna su ma fili nasu ne, in suna ganin na matsa musu su faɗi hujjarsu a wannan shafi.

Ni ne naka,
Akawu, Dutse.