Buhari da Iyakoki: Me Ya Bar Wa 'Yan Kasuwa?

Marigayi Muhammadu Buhari ya sauka daga mulkin Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, bayan shekara 8. Talakawa sun kira shi Mai Gaskiya, to amma mu na bakin iyaka da mudun kasuwa muke auna shugaba.

A watan Agustan 2019 ya rufe iyakoki don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, daga baya aka hana sayar da fetur cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari. Manoman shinkafa sun samu, amma abinci ya yi tsada, jarin ƙananan 'yan kasuwa da dama ya karye, masu bin ɓarauniyar hanya kuwa suka ci kasuwarsu. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya sake tsayar da ciniki.

Sai dai shi ne ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda zai sauƙaƙa dakon kaya.

A ganinmu Buhari yana da kyakkyawar niyya, shawara ce ta yi masa ƙaranci. Shugaban da zai rufe iyaka, ya fara jin ta bakin masu neman abinci a kanta.