Harbin Tebur: A Fara Da Ƙaramar Bindiga

Jama'a, kwanakin nan wasu samarinmu na Bronx sun dame mu da tambaya a kan harbin tebur. Suna so su shiga, amma an ce musu wasan masu dala dubbai ne. To, ga namu ra'ayin.

Shi dai wasan nan, mutum ya kan zauna a gaban tebur mai nauyi, ya ɗora bindiga bisa buhunan yashi, ya harba harsashi biyar a takarda daga nisan yadi 100 ko 200. Wanda hudojinsa suka fi haɗuwa wuri guda shi ya ci. A jihar nan tamu ya kafu, gama a garin Johnstown aka yi babbar gasa a 1947, aka kuma kafa ƙungiyar NBRSA a 1951.

Kafin kome, takarda. Nan ba ƙauyen Zazzau ba ne, inda maharbi ya kan rataya adaka ya fita abinsa. Tun 1967 ba a mallakar doguwar bindiga a birnin New York sai da izini; yanzu 'yan sanda ke ba da shi, sai kuma an cika shekara 21. Kuɗin izini dala 140 ne, ban da na ɗaukar yatsu, ga jiran watanni. Kada wani ya ce bari ya sayi bindigar iska don araha, doka ta hana ta a birnin nan. Wanda kuwa ya karɓo bindiga hannun aboki a Pennsylvania ya shigo da ita gida, ya sayo wa uwarsa zaryar kotu ke nan.

Gwanaye suna harbi da harsashin 6 PPC da aka fito da shi a 1975, bindigarsa kuwa sai an ƙera wa mutum. Mu ba mu ga abin da sabon shiga zai yi da ita ba. Ya nemi ƙaramar .22 ta hannu, da madubin hange madaidaici, ya tsaya a yadi 50. Buhun yashi ma, ƙafar tsohon wando ta isa, a cika a ɗinke.

Ragowar kuɗin a zuba shi a harsashi. Kowace bindiga da irin wanda ta ke so, don haka a sayi iri uku ko huɗu, a gwada, a rubuta sakamako a littafi (ku gafarce mu, halin akawu ne). A kafa tsumma a sanda a riƙa duban iska, don ita ce ke kautar da harsashin .22.

Ran zuwa fili, bindiga ta kasance cikin akwatinta babu harsashi a ciki, takardar izini kuma tana aljihu.