Kafin ka gaji mazubi, ƙirga ƙofofinsa

Masu rubuta manhaja suna da wata dabara da suke kira gado. Idan mutum yana son ƙirƙirar sabon aji, wato tsarin da ke fayyace wani nau'in abu da ayyukansa, sai ya ce ajin nasa ya gaji wani da yake akwai, nan take duk abin da tsohon ya iya ya zama nasa. Akasarin manyan harsunan kwamfuta kuwa suna zuwa da rumbun kayan aikinsu, cikinsu har da mazuban adana bayanai: vector a C++, list da dict a Python, Vector da Hashtable a Java. Shin ya dace mutum ya gaji waɗannan mazubai? A ganina, a mafi yawan lokuta bai dace ba.

Mu ɗauki wanda yake rubuta wa kanti manhajar lissafin kaya da Python. Dokarsa ɗaya ce: adadin kowane kaya ba zai yi ƙasa da sifili ba. Sai ya gaji dict, ya sake rubuta __setitem__, umarnin da ke saka sabon adadi, ya sa masa mai gadi. Ya gwada, komai ya tafi daidai. Bayan wata biyu abokin aikinsa ya zo yana son shigar da kayan yini guda a lokaci ɗaya, sai ya yi amfani da update, wanda shi ma an gaje shi. A CPython, wanda shi ne akasarin mutane ke amfani da shi, update ba ya bi ta __setitem__ ɗin da aka sauya. Kai tsaye yake zuba bayanai. Ba gargaɗi, ba alamar kuskure. Mai kanti zai wayi gari ne kawai ya ga lissafi yana cewa ana bin sa buhun shinkafa biyar. An tsare ƙofar zaure, an bar ta baya a buɗe, kuma magajin bai ma san da ita ba.

Kada a ce wannan tuntuɓen 'yan koyo ne. Waɗanda suka gina Java da kansu sun faɗa ramin. Tun fitowarta a 1996, ajin Stack ya gaji Vector. Manufar Stack ita ce jeri irin na farantai: na sama kaɗai ake ɗauka, a sama kaɗai ake ɗorawa. Amma saboda gadon, kowa na iya cusa abu a tsakiyarsa. Haka Properties, wanda aka yi don rubutu zalla, ya gaji Hashtable mai karɓar komai. Joshua Bloch ya kawo su biyun a matsayin kuskure a littafinsa Effective Java na 2001, yau kuma takardun Java na ba da shawarar a yi amfani da Deque maimakon Stack. Gyara ya gagara, domin manhajoji masu ɗimbin yawa sun riga sun jingina da su.

A C++ lamarin ya fi muni. Ba a tsara vector don a gaje shi ba, shi ya sa idan aka share magajinsa ta hanyar manunin da ke ɗaukar sa a matsayin vector, ƙa'idar harshen ba ta lamunce abin da zai biyo baya ba. Abin lura, stack na C++ bai gaji kowa ba: yana riƙe da mazubi ne a cikinsa, ya fito da 'yan umarnin da suka dace da shi kawai.

Masu goyon bayan gado suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Riƙe mazubi a ciki na nufin zama a rubuta umarni ɗaya bayan ɗaya, aiki mai gundura. Suna kuma nuni da Counter da defaultdict, waɗanda rumbun Python da kansa ya gina a kan dict. Gaskiya ne. Sai dai waɗannan ƙari suka yi wa dict, ba su taƙaita abin da ake zubawa a cikinsa ba, kuma __missing__ da suke dogara da shi ƙofa ce da aka bari da gangan. Mai kantinmu hani yake son yi, kuma a nan ne gado ke cin amana. Idan gundurar ce damuwarsa, akwai UserDict a cikin collections, wanda update ɗinsa ke bi ta __setitem__. Idan kuwa umarni uku kawai yake buƙata, saka kaya, cire kaya da duba saura, to ya ɓoye dict ɗin a cikin ajinsa ya rubuta ukun.