Ba Kowane Zazzaɓin Mai Juna Biyu Ne Maleriya Ba

Uwargida, sau nawa aka ba ki maganin maleriya, zazzaɓi ya sauka, bayan mako guda ya dawo? Yawanci sai a ce maganin ne jabu, maigida ya koma kemis ya sayo wani. A ganina wannan ɗabi'a tana da haɗari, musamman ga mai ciki.

Akwai wani zazzaɓi mai tafi-ka-dawo wanda ƙwayar bakteriya mai suna Boreliya ke haddasawa. Likitoci sun kasa shi gida biyu: wanda kwarkwata ke yaɗawa, kamar a Habasha, da wanda kaska ke yaɗawa. Ba irin kaskar da muke cirewa a jikin shanu ba ce. Wata ce mai laushi da ke zama a ramukan ɓeraye har cikin ɗaki, tana cizo da dare ba zafi, ta sha jini ta koma, ba wanda ya gan ta. An tabbatar da cutar a Senegal da Mali da Muritaniya. A ƙauyen Dielmo na Senegal, binciken da aka yi daga 1990 zuwa 2003 ya nuna kusan mutum 11 cikin 100 na kamuwa kowace shekara.

Zazzaɓin kan yi kamar kwana 3 da ciwon kai da sanyi, ya lafa kusan mako, sannan ya dawo. Ga mai ciki yana iya jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko rasuwar jariri.

Gwajin nan na gaggawa da ake ɗiga jini a kai maleriya kaɗai yake nema. Ana ganin Boreliya ne idan an shimfiɗa jini a gilashi an duba da madubin likita, kuma lokacin da jiki ya yi zafi ya kamata a ɗebi jinin. Idan aka jira ya sauka, sau da yawa ba a ganin komai.

Maganin maleriya ba ya kashe ta. Tetrasaikilin kuwa bai dace da mai ciki ba, likita ne zai zaɓi wanda ya dace, irin su fenisilin. Sa'o'i kaɗan bayan fara magani jiki kan yi rawar sanyi mai tsanani, shi ya sa muke so a fara shi a asibiti.

Saboda haka idan zazzaɓi ya dawo karo na biyu, maigida ya kawo ki a ranar, kada a jira ranar awo. Ki faɗa wa likita ranakun da ya zo da ranakun da ya tafi, da inda kika kwana idan kin yi tafiya.