Batirin Mota da Duhun Ƙasar Gobir



Da zarar magariba ta yi a Sabon Birni ko Isa, abu biyu ake gani: janareta na ruri a gidan mai hali, tocila na lilo a gidan talaka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, shi kansa mai halin sai ya yi lissafi kafin ya ja igiya.

A wasu ƙasashe kuwa, motar da ke ajiye a ƙofar gida ita ke haska ɗaki. Bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Japan a watan Maris na 2011, kamfanin Nissan ya fito da na'urar da ke juyo wuta daga batirin motarsa mai suna Leaf zuwa cikin gida, a 2012. Wani samfurin wannan mota na ɗaukar yunit 40 na lantarki, irin yunit ɗin da ake saya a mita. Gidan da ke shan yunit 4 a rana, wato ƙwan fitila, fanka, cajin waya da ɗan ƙaramin firji, zai yi kusan kwana goma a kan caji guda. Motar Hyundai Ioniq 5 ma da soket take zuwa, a jona kaya kai tsaye.

To amma wa zai cika batirin? Batiri tulu ne, ba rijiya ba ne. Tulun da ba a kai shi bakin ruwa ba haka zai kwana a bushe.

Rijiyar tana bisa kanmu. Ranar da ke ƙona kufan Alkalawa, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, ita ce dai ranar da ke cika batiri. An ma gwada a jihar nan ta Sakkwato: a 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa. A Maiduguri tuni motocin haya masu batiri suka hau titi.

Matsalar ita ce masu rabon ayyuka. In an tashi gwaji, a birni. In an tashi yanka ƙyalle, a birni. In an tashi ɗaukar hoto, nan ma a birni. Masu rabon ayyuka sun san hanyar ƙasar Gobir lokacin neman ƙuri'a, amma lokacin kafa farantan sola sai ta yi musu nisa.

Sai su ce ai babu tsaro. Gaskiya ne, babu. Mutanen da suka bar gonakinsu suka ƙetara zuwa ƙasar Maraɗi sun fi kowa sanin haka, haka direban da ke bin hanyar Isa zuwa Sabon Birni da addu'a a baki. Amma duhu abokin ɓarawo ne. Garin da wayoyinsa suka mutu ba ya iya kiran ɗauki. Ungozomar da ke karɓar haihuwa da tocila a baki, da allurar rigakafin da ke lalacewa saboda firji ya daina sanyi, su ma batun tsaron rai ne.

Ba kowane gida ne zai sayi irin wannan mota ba, kuɗinta miliyoyi ne. Amma motar asibiti guda mai batiri, da rumfar sola a harabar asibitin, za ta kai mara lafiya da rana, ta riƙe fitila da firjin magani da dare.

Masu rabon ayyuka, ku fito daga birni. Ku kafa rumfar caji ɗaya a Sabon Birni, ɗaya a Isa, kafin bazara ta sake zagayowa.