Gani Ya Kori Ji: Darasi Daga Tsutsar Nama

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Amma duk wanda ya leƙa ajin kimiyya a yawancin makarantunmu na sakandare zai tarar ji ne ya kori gani. Malami ya rubuta a allo, ɗalibi ya kwafa, ya haddace, ya juye ranar jarrabawa. A ra'ayina, abin da mutum ya gwada da hannunsa ya fi abin da aka gaya masa zama a zuciya, kuma da shi ne ake gyara kuskuren da aka gada.

Alal misali, tun daga zamanin Aristotul, masanin nan na ƙasar Girka, an shafe kusan shekara 2,000 ana koyar da cewa ruɓaɓɓen nama shi ke haifar da tsutsa da kansa. A shekarar 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya wallafa sakamakon gwajinsa. Ya sa nama a cikin kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya toshe wasu. Tsutsa ta fito a buɗaɗɗun kaɗai. Don kada a ce rashin iska ne ya hana, sai ya rufe wasu da siririn ƙyalle mai barin iska ta shiga. Ƙudaje suka taru a kan ƙyallen suka yi ƙwai, naman da ke ciki kuwa ya ruɓe ba tsutsa. Ashe tsutsa ɗiyar ƙuda ce.

Sai dai a lura da abu guda. Su ma mutanen da suka gabaci Redi da idonsu suka ga tsutsa a jikin nama. Abin da ya fi su da shi kwatanci ne: ya ajiye kwalba kusa da kwalba, ya bambanta su da abu ɗaya tak, sannan ya jira. Wannan shi ne ganin da ke korar ji. Kallo kawai, ba tare da kwatanci ba, yana iya yaudarar mai shi.

Irin haka ta sake faruwa a kan gyambon ciki. Likitoci sun daɗe suna ɗora laifin cutar a kan damuwa da yawan ruwan tsami na ciki, suna ganin babu ƙwayar cutar da za ta rayu a wannan tsamin. Robin Warren da Barry Marshall, likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, suka yi ta ganin wata ƙwayar bakteriya a cikin majinyata, aka ƙi yarda da su. A 1984 Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. Ƙwayar ita ce ake kira Helicobacter pylori, kuma a 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. A yau ana warkar da yawancin irin wannan gyambo da magungunan kashe bakteriya haɗe da masu rage tsami.

Wani zai ce ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, kuma ba na kira ga kowa ya raina malaminsa ko littafinsa. Ba a gwada guba da baki, ba a shan magani don a ga abin da zai faru. Marshall likita ne, kuma an duba cikinsa kafin gwajin da bayansa. Shawarar magabata ita ce ke nuna mana inda za mu duba. Dubawar kuwa aikinmu ce.

Saboda haka, ya ku malamai, rashin kayan aiki kada ya zama hujja. Kwalba uku, ɗan guntun nama ko kifi da yankin tsohon gidan sauro sun isa a maimaita gwajin Redi a bayan aji cikin mako guda. Ku kuma ɗalibai, ku rubuta abin da kuka gani kowace rana, ko da ya saɓa wa abin da kuke zato. In ya saɓa wa littafi, ku maimaita gwajin, sannan ku kai wa malaminku tambaya cikin ladabi.